Ji Ya Riga Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, a gidajen kallon ƙwallon ƙafa na wannan zamani maganar ta juya, ji ne ya ke riga gani isowa, ya kuma ɓata masa shiri. Ga jama'a sun cika rumfa maƙil, kowa ya biya kuɗin benci ya zuba wa telebijin ido. Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo zai yi bugun daga kai sai mai tsaron gida, ko ja da baya bai yi ba tukuna, sai wani yaro can baya mai rediyo a kunne ya daka tsalle ya ce ta shiga. Sauran jama'a sai jikinsu ya yi sanyi, su zauna suna kallon abin da aka riga aka ba su labarinsa. In an yi sa'a a tsaya ga zagi. In ba a yi sa'a ba a kori yaron da rediyonsa, mai gidan kallo kuma ya kafa doka, kada wanda ya sake shigo masa da rediyo.

Wani zai ce ai wannan maganar yara ce, ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Mu ba mu ga haka ba. Rediyon nan da a ke kora, sau da yawa shi ne ya ke ba da labarin wasan da Hausa, telebijin kuwa da Turanci ya ke magana. Ran da aka rufe wa rediyo ƙofa ba yaro kaɗai aka kora ba, har da harshen. Saboda haka mu ke so akawuna da malaman makaranta, waɗanda su ne jama'a kan tambaya in abu ya shige musu duhu, su san inda wannan jinkiri ya fito, su kuma san wanda ya kamata ya ɗauki nauyin gyaransa.

Al'adar kashe muryar telebijin a kunna rediyo ba yau aka fara ta ba. Dattawa sun tuna ran 22 ga Maris 1980, sa'ad da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da 0 a Ikko ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa shi ga Christian Chukwu. A shekarun nan gidaje da yawa telebijin na ido ne kurum, kunne kuwa na Ernest Okonkwo ne na Rediyon Nijeriya, mutumin da ya laƙaba wa Segun Odegbami sunan Mathematical, watau gwanin lissafi, ya kuma riƙe makirfo har rasuwarsa cikin 1990. A lokacin dabarar tana ci, domin murya da hoto tare su ke tafiya. Telebijin irin wanda aka fara a Badun cikin 1959, da Kaduna cikin 1962, yadda kamara ta ɗauki hoto haka ya ke watsa shi nan take, ba ya tsayawa ko'ina. Da muryar da hoton duk da gudun haske su ke ratsa sararin sama, kilomita 300,000 cikin sakan guda, ɗan bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba.

Me ya sa mutum mai hoto a gabansa zai nemi rediyo? Domin sana'o'in biyu ne. Mai sharhin telebijin ya san kana gani, sai ya faɗi sunan ɗan wasa ya yi shiru. Mai sharhin rediyo kuwa shi ne idonka, tilas ya gaya maka inda ƙwallo ta ke, da wanda ke riƙe da ita, da wanda ke jiranta. Ran 22 ga Janairu 1927, da BBC ta fara ba da labarin ƙwallo kai tsaye a wasan Arsenal da Sheffield United, har sai da aka buga taswirar fili a mujalla aka raba ta gida takwas, mutum ɗaya yana ba da labari, wani a gefensa yana kiran lambar gidan da ƙwallo ta shiga. Daga irin wannan ɗawainiya sana'ar ta samo zafinta. Bayan wannan kuma ga maganar gida. Mai sharhin garinku ya san wane yaro ne ya taso a filin unguwa, ya san kirarin kowa, in an ci ku muryarsa kan nuna an ci shi. Baƙo, kome gwanintarsa, ba ya iya wannan.

Yanzu bari mu nemo ɓarawon. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan tauraron ɗan Adam, wai nisansa ne ya kawo jinkiri. Malam, ga lissafi ka ba 'yan aji shida gobe da safe. Taurarin da ke kawo telebijin suna sama ne bisa layin da ya raba duniya biyu, nisan kilomita 35,786, watau mil 22,236. A wannan nisa ne tauraro kan zaga duniya sau ɗaya cikin kwana guda, daidai da juyawarta, shi ya sa ya ke zama kamar a kafe wuri ɗaya, ba a bukatar a riƙa juya farantin da ke bisa rufi. Hawa da sauka kilomita 71,572 ke nan. Raba da 300,000, abin da zai fito bai cika rubu'in sakan ba. Ko hoton ya hau sau biyu, daga filin wasa zuwa ofishin kamfani, daga can kuma zuwa gidanka, duk bai wuce rabin sakan ba. Tun 1964 a ke wannan hawa da sauka, sa'ad da tauraron Syncom 3 ya kai hotunan wasannin Olamfik daga Tokyo zuwa Amurka. Ashe tauraro ɗan sane ne kurum, babban ɓarawon yana ƙasa, cikin ofis.

Waɗanda suka yi aiki a zamanin En'e, ko suka ji labarinsa wurin iyayensu, sun san yadda takarda kan yi tafiya: daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa babban ofishin En'e, daga nan gaban Di'o, sa'an nan Razdan. Ba dokin ɗan aike ke cin kwanaki ba, tebura ne. Kowane akawu sai ya karɓa, ya shigar a rajista, ya taƙaita, ya sa lamba, kafin ya miƙa gaba. To, haka hoton dijital ya ke. Telebijin irin namu yana nuna hoto 25 cikin kowane sakan, watau wasan minti 90 hotuna 135,000 ne. In aka ce a aika kowane ɗaya cikakke, hanya za ta cika, kamfani kuwa so ya ke ya cusa tashoshi masu yawa a hanya guda. Sai aka ƙago na'ura mai taƙaitawa. Takan aika hoto ɗaya cikakke, a kan waɗanda ke biye kuma ta faɗi abin da ya sake kaɗai: ciyawa tana nan yadda ta ke, ƙwallo ta gusa hagu, mai tsaron gida ya sunkuya. Amma ba ta iya faɗin abin da ya sake sai ta tara hotuna da dama ta gwada su da juna, har da waɗanda ke gaba. Akawu ba ya taƙaita wasiƙar da ba ta iso ba, tilas ya jira. Bayan teburin taƙaitawa ga teburin kulle hoto don kada wanda bai biya ba ya gani, ga teburin haɗa shi da sauran tashoshi, ga kuma dikoda a gidanka, ita ma sai ta tara kaɗan ta kwance ƙullin kafin ta nuna. In an haɗa duka sai ka ga sakan uku, ko biyar, ko fiye. Muryar FM kuwa ba ta da tebur ko ɗaya, daga bakin mai sharhi sai kunnenka.

Mai kallo ta intanet shi ne kurar baya. Can yanka hoton a ke yi guntu-guntu, kowane guntu na 'yan sakanni, wayarka kuma ba ta fara nunawa sai ta ajiye biyu ko uku don tsoron yankewar layi. Jinkirinsa kan kai rabin minti, wani lokaci har minti guda. Ga abin dariya a nan. Sauti a cikin iska ba ya wuce mita 340 a sakan, watau kilomita 1 cikin sakan 3. Mutumin da gidansa ke kilomita 1 daga filin wasa na Ƙofar Mata, in Kano Pillars suka jefa ƙwallo a raga, ihun 'yan kallo zai zo masa da ƙafa ta saman katanga, ya shiga ɗakinsa ya zauna, hoton da ke tafe da gudun haske bai iso ba.

Kada kuma a yi tsammanin za a koma baya. Ƙasashe sun yi yarjejeniya a Janiba cikin 2006 za su bar tsohuwar hanya kafin 17 ga Yuni 2015, Nijeriya ta makara, amma ta fara nata a Jos cikin Afrilu 2016. Hoto ya fi kyau, tashoshi sun fi yawa, jinkirin shi ne kuɗin da aka biya. Ko rediyo in ya bi hanyar dijital ba ya tsira. Ƙarar nan shida da BBC ke bugawa tun 1924 don a daidaita agogo, wadda akawu da yawa suka gyara agogon ofis da ita, in ka ji ta ta intanet ta riga ta makara, kada ka taɓa agogonka.

Akwai dalilin da ya sa wannan abu ke ƙona rai fiye da yadda girmansa ya kai. Allah ya saba mana da gani kafin ji. Walƙiya kan riga tsawa. Ka hango mace tana daka daga nesa, taɓarya takan sauka kafin ƙarar turmi ta iso. Don haka in sauti ya ɗan makara ba mu damu ba, amma in ya riga hoto sai mu ji abin ya saɓa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna wannan cikin 1998, ta ce mutum kan lura in sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin 1,000 na sakan, amma in makara ya yi sai ya kai kashi 125 kafin a lura. To, in ɗan wannan ya isa a ji, ina ga sakan biyar? Ƙwallon da aka buga daga kai sai mai tsaron gida kimanin rabin sakan ta ke yi ta isa raga. Ku tuna ran 7 ga Fabrairu 2024 a Buwake ta ƙasar Kwaddibuwa, da Nijeriya da Afirka ta Kudu suka tashi 1 da 1 aka tafi bugun fenareti, Stanley Nwabali ya tare biyu, Kelechi Iheanacho ya rufe da ta ƙarshe aka ci 4 da 2. Daɗin irin wannan dare duk yana cikin rabin sakan ɗin nan da ba wanda ya san abin da zai faru. Wanda aka gaya wa tun da wuri an ƙwace masa abin da ya biya kuɗi dominsa.

Akwai kuma ɓarna wadda ta fi ƙwace daɗi. Inda wani ya san abin da ya faru wani bai sani ba, mayaudari kan sami ƙofa. Cikin 2014 a Melbon ta Ostareliya an kama wani saurayi Bature a filin wasan tanis, ana zarginsa da aika sakamako daga gefen fili zuwa ga masu caca kafin hoto ya isa telebijin, ko da ya ke daga baya an janye ƙarar. Caca dai ba abin kirki ba ce ko yaya aka yi ta, amma yaron da ke sa kuɗin makarantarsa a kan bugun da abokin cacarsa ya riga ya ji sakamakonsa a kunne, wannan fashi a ke yi masa da rana tsaka.

To, ina magani? Ƙa'idar guda ce, wadda kowane madugu ya sani: in ayari ya rabu, na gaba ne ke jiran na baya, ba a iya jawo na baya da igiya. Ba wata dabara da za ta sa hoto ya zo kafin ya zo. Abin da a ke iyawa shi ne a tsare wanda ya riga isowa. In murya ce a gaba, sai a bi da ita ta waya ko kwamfuta mai manhajar riƙe sauti, a ce mata riƙe sakan kaza kafin ki saki zuwa lasifika. A Amurka har rediyo a ke sayarwa mai maɓallin jinkiri musamman don wannan. In kuwa hoto ne a gaba, kamar in ana jin sharhin ta intanet, to dikoda mai iya tsai da hoto ita ce magani, a tsai da shi har murya ta cim masa. Awon kuma ba wuya. A jira busar farko ta alƙalin wasa, a ƙirga da agogo daga jin ta zuwa ganin an taɓa ƙwallo, abin da aka samu shi ne jinkirin. Bayan hutun rabin lokaci a sake awo, domin abin da ya bi intanet ba ya tsayawa a kan jinkiri ɗaya, in layi ya yi tuntuɓe sai ya ƙara ja da baya. Mai gidan kallon da ya iya tada janareta ya saita faranti, wannan ba zai gagare shi ba, kuma ya fi masa riba bisa korar masu rediyo.

Amma ga wata shawara da mu ke ji ana kawowa, wadda ba mu yarda da ita ba ko kaɗan. Wai gidan rediyo ya jinkirta sharhinsa tun daga tasha, ya jira telebijin, kowa ya huta. Na'urar yin haka ba baƙuwa ba ce, irinta ce gidajen rediyo a ƙasashe da yawa kan riƙe muryar masu bugo waya da ita na 'yan sakanni, don in wani ya yi ashar a datse kafin ta fita. Sai dai mu yi tambaya: wane telebijin za a jira? Na mai faranti, ko na mai eriya, ko na mai waya? Kowane da nasa jinkirin, har dikoda biyu a gida ɗaya sukan saɓa. In ka daidaita da Audu ka ɓata wa Tanko. Na biyu, su wa ke sauraron rediyo? Direba a kan hanyar Funtuwa, da mai gadi a bakin ƙofa, da manomi a fadama, da makaho wanda rediyo ne filin wasansa duka. Waɗannan ba su da hoton da za a jira musu, don me za a tsare musu labari saboda mai abin hannu? Na uku, akwai mai zuwa fili da rediyonsa. A Los Anjalas, bayan ƙungiyar besbol ta Dodgers ta koma can cikin 1958, 'yan kallo sun riƙa shiga fili da ƙananan rediyo don su ji Vin Scully yana ba su labarin wasan da ke gaban idonsu, mutumin da ya yi shekara 67 yana wannan aiki, daga 1950 zuwa 2016. Namu 'yan kallon ma sukan yi haka. Ka jinkirta musu murya, ka mai da su kamar masu jin amsa kuwwa. Sauri shi ne jarin rediyo, shi kaɗai ya rage masa wanda telebijin bai ƙwace ba. Tashar da ta ce kai tsaye, to ya zama kai tsaye.

A nan ya kamata mu taɓo wata magana da masu sharhi ba su cika son a taɓo ba. Wasannin Turai da a ke ba da labarinsu a rediyo, sau da yawa mai sharhin ba ya filin, yana cikin ɗakin watsa shiri ne yana kallon allo kamar kowa. Wannan ba abin kunya ba ne, ko'ina a duniya ana yi, kuma ya girmi telebijin. Ronald Reagan, wanda ya zama Shugaban Amurka cikin 1981, yana saurayi a shekarun 1930 ya riƙa ba da labarin wasannin Shikago daga wani gidan rediyo a jihar Ayowa, ba ya ganin kome sai 'yan kalmomin da waya ke kawo masa, sauran daga kansa. Amma ya kamata a gaya wa mai sauraro gaskiya, domin lissafin ya sake. Mai sharhin da ke kallon allo ya gaji jinkirin allonsa, ya ƙara da nasa na buɗe baki. Zai riga mai kallo ta intanet, watakila kuma mai faranti ya riga shi. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta tsare murya alhali hoto ya kamata ya tsare.

Maganin da ya ke magani shi ne a daina aiko murya da hoto ta hanya biyu. A sa sharhin Hausa cikin hoton tun daga tushe, su bi tebura ɗaya, su iso tare. Wannan dijital ɗin da ya kawo cutar shi ya kawo maganin, domin hoto ɗaya yana iya ɗaukar murya biyu ko uku, mai kallo ya zaɓi wadda ya ke so da rimot. Ba mafarki mu ke yi ba. BBC ta sha ba masu kallon manyan wasanni zaɓi su ji sharhin rediyonta a kan hoton telebijin, an riga an daidaita su. A yankin Wels na Birtaniya, tashar S4C da aka kafa cikin 1982 tana nuna wasa da harshen mutanen wurin, wanda bai iya ba ya danna maɓalli ya ji Turanci. Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne SuperSport, wadda farantanta suka cika rufin gidajenmu. A Afirka ta Kudu tana ba da wasan zari-ruga da harshen Kosa, har marigayi Kaunda Ntunja, wanda ya rasu cikin 2020, ya yi suna da shi, waɗanda ba su jin yaren ma suna juyawa su saurare shi don zaƙin muryarsa. In an yi wa Kosa, me ya hana a mai da shi ƙa'ida ga Hausa, harshen da a ke ciniki da shi daga Agadas har Kumasi? Masu sharhi ba su yi ƙaranci ba. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki cikin 1957, ya shafe shekaru yana kawo wasannin Ingila da Hausa ta tashoshin FM, gidajen rediyon jihohi kuma sun horar da nasu a filayen gida.

Abin da ya tsare hanya ba na'ura ba ce, takarda ce. Iznin nuna hoto dabam a ke sayar da shi, iznin ba da labari a rediyo dabam, kowane mai saye kuma yana kishin abin da ya saya. Kan wasannin Turai ba mu da iko sai na mai saye, watau mu yi ta nema har kamfani ya ga akwai kasuwa. Amma kan gasar gida muna da iko. Masu shirya gasar ƙwallon Nijeriya, duk ran da za su sayar da iznin nuna wasa, su rubuta cikin yarjejeniya cewa wasan da aka buga a Kano, ko Katsina, ko Bauci, ko Maiduguri, tilas ya fita da murya ta biyu da harshen da mutanen wurin ke ji, a kuma ɗauko ta daga bakin mai sharhin rediyon da ke zaune a filin. Hukumar kula da gidajen rediyo da telebijin ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1992, tana da bakin magana a nan. Waya ɗaya ce za a ja daga teburin mai sharhi zuwa motar masu ɗaukar hoto. Gidan rediyo bai yi hasarar kome ba, muryarsa ta fita ta iska nan take don direba da manomi, ta kuma bi hoto don mai kallo.

Mun san abin da gwanayen telebijin za su ce, wai sharhin rediyo ya cika surutu, bai dace da hoto ba, don me za a gaya wa mutum abin da ya ke gani? Akwai gaskiya a ciki, in ana maganar mutum ɗaya a falonsa gaban babban allo. Amma su zo gidan kallo su zauna a benci na goma, inda ɗan wasa bai fi ƙuda girma ba, ga kan mutane, ga hayaniya, sa'an nan su gaya mana ko surutun ya yi yawa. Kuma ai zaɓi ne, wanda ba ya so ya bar rimot ɗinsa ya huta. Malamai kuma su lura da wata riba. Satar gida, bugun kusurwa, bugun tazara, mai tsaron gida, hutun rabin lokaci, duk kalmomin nan a bakin masu sharhi suka yi ƙarfi har suka zauna. Yaron da ya ji ana bayyana hukunci mai wuya da Hausa, irin na daren Buwake da aka soke ƙwallon Victor Osimhen aka koma baya aka ba Afirka ta Kudu fenareti bayan alƙali ya duba na'ura, ya koyi cewa harshensa yana iya ɗaukar magana mai sarƙa. In kuwa kullum da Turanci ya ke jin ta, zai ɗauka can ne kaɗai ta ke zama.

Kafin a kai ga sa hannu a takarda, akwai abin da kowane gidan rediyo zai iya farawa ran Asabar mai zuwa ba tare da kashe ko kwabo ba. Mai sharhi ya faɗa tun farko ko a fili ya ke ko allo ya ke kallo. In alƙali zai busa, ya dakata da gaisuwa da tallan sabulu, ya bar ƙarar usur ta fita sarai, ya ce an take, don masu agogo a hannu su sami abin awo. Lokaci lokaci kuma ya riƙa faɗin minti da sakan da agogon wasa ya nuna, domin wanda ya shigo a makare ya gwada da wanda ke kusurwar allonsa. Busar usur ɗin sakan biyu ce kurum daga lokacinsa, sau biyu a wasa, ko sau huɗu in an tafi ƙarin lokaci.